Numfashin Kawu da Zaren Gilashi

A duk kamfanin babu wanda ya kai Kawu daɗewa da waya. Sau biyu ya faɗo daga kan falwaya ya miƙe da ƙafarsa. Bai taɓa zama a aji ba, amma waɗanda suka zauna ai shi ya koya musu riƙe filaya.

Yau ga shi cikin rami a gefen titi, gumi har cikin ido, injin haɗi ya raina shi. Katafila ce ta tsinke kebul, unguwa guda ba intanet. Zare goma sha biyu ne a ciki, na gilashi, kowanne kamar gashin kai, ko ɗaya bai haɗu ba.

Ya feɗe zaren, ya goge da sifirit, ya datse bakin, ya hura masa iska, ya kwantar a injin. Fitilar injin ta nuna ja. Karo na shida.

Injiniya, 'yar ƙanwarsa, ta leƙo daga sama. "Kawu, saura nawa rarar wayar?"

"Taƙi biyu."

Duk kuskure sai an sake datsewa, waya na raguwa. In ta ƙare sai a fasa titi. Manaja kuwa ya ce in hakan ta faru, Kawu zai koma sito ƙirga kusoshi.

"Injin nan ne ɗan banza," in ji shi. "Da can da haƙori nake feɗe waya, gari guda ya yi magana."

Ta sauko ta tsuguna. Ya goge, ya datse, ya kumbura kumatu.

"Tsaya! Me kake yi?"

"Ƙura nake kaɗewa. Shekara talatin haka nake yi."

"Tagulla kake yi wa. Wannan gilashi ne, Kawu. Tururin bakinka injin yake gani."

"Bakin nawa ne ƙazanta? Ni da na goye ki?"

Ta ciro takunkumi daga jaka ta miƙa masa. Ya dube shi, ya dubi guntuwar wayar, ya ja tsaki ya ɗaura.

Kore.

Na biyu ma kore. Kafin azahar sha biyun sun haɗu, da faɗin yatsa huɗu na rara.

"In manaja ya tambaya," ya ce ta cikin ƙyallen, "injin ne ya yi gardama."

"To, Kawu. Gobe ma ka zo da ƙyallen."

Ya cusa takunkumin a aljihu, ya haye tsani yana ƙunƙuni.