Motar Baba Sito a Kan Tudu

Ƙarar ta taso daga ƙarƙashin ƙafata, kamar an ja tukunyar ƙarfe a kan siminti. Motar ta yi gaba kaɗan, ta girgiza, sai ta tsaya cak. Tayoyin gaba suna ta juyawa suna hayaƙi, amma ko motsi ba mu yi ba.

"Auta, mene ne?" in ji Yaya daga kujerar baya, kan mijinta a kan cinyarta.

"Ta zauna, Umma," in ji shi. "Ta zauna a kan tudun."

Ni ce a gaba kusa da shi. A baya akwai Yaya, da Baba Sito a kwance yana jan numfashi da ƙyar, da Mai Shago da ya riƙe masa ƙafafu. Asibiti muka nufa, ga shi ko layinmu ba mu fita ba.

Ni tela ce, kekena yana bakin tagar da ke kallon ƙofar gidansu, shi ya sa babu abin da ya faru da motar nan da ban gani ba. Baba Sito maƙwabcina ne tun yarana suna goye. Aikin kula da sito ya yi a wani kamfanin fenti har ya yi ritaya, sunan kuma ya bi shi. Matarsa nake kira Yaya. 'Ya'yansu duk sun watse, saura Auta, mai aiki a shagon gyaran waya, wanda gidan ya zame masa wurin kwana kawai.

Motar 'yar ƙarama ce, fara, ta tsufa amma ba ta ji jiki ba, domin Baba Sito ya fi kula da ita a kan kansa. Da ciwon zuciya ya fara kayar da shi, likita ya ce masa duk ranar da ƙirjin ya sake riƙewa, kar a tsaya neman komai, a kawo shi nan take. Manyan 'ya'yan suka ce a sayar da motar tunda ya daina tuƙi. Ya ƙi ƙememe.

"Wannan ce hanyata ta asibiti," in ji shi. "Ba zan kwanta ina jiran motar wani ba."

Sai ya ba Auta makullin, da sharaɗi ɗaya: ya je inda zai je, amma kullum da mai a cikinta, wayarsa kuma a kunne.

To, Auta yana da abokai masu ƙananan motoci irinta, waɗanda suke taruwa a wani fili ranar hutu suna buɗe bonet suna leƙen injin juna. Da ya je da 'yar farar nan yadda take, suka ce ya zo da motar kai yara makaranta. Daga ranar ya shiga tara ɗan abin da yake samu don ya gyara ta. Abin da ya tara kuwa ba zai ɗauki abu biyu masu kyau ba, dole ya zaɓi na farko.

Nan hira ta ɓarke tsakanin uba da ɗa. Kowace yamma sai Auta ya dawo da wuri, ya jawo benci kusa da kujerar uban a ƙofar gida, ya riƙa nuna masa hotuna a waya. Ina ɗinki ina jin su.

"Baba, dubi wannan. An rage mata tsawo, ta kwanta a ƙasa. In ta sha kwana ko karkata ba ta yi."

"Ka fara da taya da birki," in ji Baba Sito. "Duk ƙarfin da ka ƙara mata, ta taya zai sauka ƙasa. Tayoyin nan sun yi sanƙo kamar kaina."

"Haba Baba, wa zai kalli taya? Ka zuba kuɗinka duka, ka je fili, babu wanda zai san ka yi komai."

"Kai za ka sani, ranar da akuya ta gifta maka."

"To salansa fa? Da matatar iska babba? An ce inji yana samun numfashi."

"Ƙara zai samu. Ƙara daban, gudu daban."

Su yi ta yi har Yaya ta leƙo ta ce abinci ya huce. Wallahi na ji daɗin ganinsu haka, don rabon da in ji dariyar Baba Sito har na manta.

Wanda ya raba gardamar wani bakanike ne, abokin abokan Auta, mai bakin da ya fi hannunsa aiki. Ya zo har ƙofar gida da injin yankan ƙarfe a bayan babur. Ya ce sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, akwai na musamman da ake rage tsawon mota da shi, yana da tsada, amma me ya yi zafi? A yanke zagaye biyu daga wanda ke jikinta, kuɗin aiki kaɗan ne, ragowar ta isa salansa mai ƙara.

"Abu biyu a kuɗin abu ɗaya, Baba," in ji shi yana washe baki. "Ko'ina haka ake yi."

Baba Sito ya daɗe yana kallon motar. Ya kalli Auta, wanda ya zuba masa ido kamar ƙaramin yaro a gaban mai alewa. Sai ya ce, "To, ku yi. Amma kar ku yanke da yawa."

Na ga tartsatsin wuta yana tashi daga inda nake zaune. Da aka gama, Baba Sito ya sa aka tattaro masa guntayen ƙarfen da aka yanke, ya jera su a kan dakalin taga, wai ba a zubar da kayan mota.

Washegari da Auta ya fita aiki na tsallaka na same shi. Ni ba na iya riƙe magana a ciki.

"Baba Sito, kai da bakinka ka ce taya da birki. Me ya sa ka bari aka gurgunta motar nan?"

Ya yi murmushi yana murza sandarsa. "Tela, in na ce taya, zai ce to, ya saya, ya tashi ya tafi. Taya ba ta jawo hira. Wannan kuwa kullum akwai abin da zai dawo ya nuna mini."

"Hira ce za ta kai ka asibiti?"

"Ai tana tafiya. Ba ki ji ta da safe ba?"

Na ji ta mana! Duk layin ya ji ta. Har allurata sai da ta karye ranar farko don firgita.

Sai kuma maganar tudun. A bakin layinmu akwai wani mai gidan bene da ya sa aka zuba tudun siminti daga bango zuwa bango, wai masu babur suna damun jikokinsa da gudu. Bai tambayi kowa ba, kuma bai yi shi don ƙananan motoci ba. Tasa doguwa ce, tana taka shi ko a jikinta. Kafin yankan sifirin, 'yar farar tana haye shi lafiya. Bayan yankan, Auta ya koyi dabara: ya rage gudu har kamar zai tsaya, ya karkata motar, taya ɗaya ta hau, ɗayar ta biyo, ya wuce a hankali. Har alfahari yake yi da abin. Ya taɓa kiran uban ya tsaya da sandarsa ya kalla.

"Ka gani, Baba? Ko taɓawa ba ta yi ba."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai duk gwajin da ya yi, shi kaɗai ne a ciki, shi kuwa siriri ne kamar tsinken tsintsiya. Babu wanda ya taɓa tunanin a cika ta da mutane a gwada, har da shi Baba Siton da ya san mota ciki da waje.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne. Na ji ihun Yaya, na bar rigar mutane a ƙarƙashin allura na ruga. Baba Sito yana zaune a ƙasan falo ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. Allah ya sa Auta bai riga ya fita ba. Mai Shago, ƙaton mutum da ke sayar da kayan masarufi a gefenmu, shi ya ciccibe shi ya sa a mota. Ni ma ba ƙaramar mace ba ce, na faɗa gaba. Auta ya ja mota, hankalinsa a tashe, wa ke tuna wata karkata? Ya tunkari tudun kai tsaye, da mutum biyar a ciki.

Shi ne muka zauna.

"Ku fita! Ku fita ta yi sauƙi!" in ji Auta.

Muka fita ni da Mai Shago. Motar ta ɗan ɗago, amma cikinta ya riga ya maƙale. Auta ya taka mai, sabon salansan nan ya yi ta kururuwa har mutane suka firfito daga gidaje. Maza suka taru suka kama ta baya, suna ɗaya, biyu, tura! Ta zame ta sauka da wata irin ƙara, sai ga baƙin mai yana malala daga ƙarƙashinta yana bin gangaren tudun. Kaskon man ya fashe.

"A haka za mu tafi," in ji Auta, yana kuka yana neman giya. "Ku shigo, za ta kai!"

Sai muka ji muryar Baba Sito daga baya, can ƙasa-ƙasa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Kashe ta. Babu mai. Inji zai buga."

"Baba, ya buga mana! Ya buga!"

"Kashe ta, na ce."

Ko bai kashe ba, ba ta da niyyar zuwa ko'ina. Ta yi tari sau biyu, ta mutu a tsakiyar hanya.

Na ruga ƙofar mai gidan bene ina dukan ƙarfe da tafin hannu. Ga doguwar motarsa ina hango ta ta ƙasan ƙyaure, a wanke tas. Mai gadi ya leƙo ya ce mai gida ya yi tafiya, makulli yana sama, shi kuwa ba a ba shi izinin hawa sama ba. Na zage shi, Allah ya yafe mini, na zagi mai gidansa da tudunsa. Ya mayar da ƙofa ya rufe.

Mai Shago ya ruga babban titi neman tasi. Ta farko ta ga ana ɗaga hannu da ihu ta ƙara wuta. Kafin a samu wadda ta yarda ta shigo, ni na koma na tsuguna a bakin ƙofar motar ina yi wa Baba Sito fifita da mayafina. Ya buɗe ido ya gan ni.

"Tela," in ji shi, "kar ku yi masa faɗa. Ni na ce a yanke."

Daga nan bai sake magana da mu ba, sai leɓɓansa da ke motsi. Da tasi ɗin ta iso, Yaya ta ɗaga wa direban hannu ta ce ya tafi abinsa. Ta ja mayafinta ta rufe fuskar mijinta, a nan kujerar baya, a bakin layi.

Likita ya ce wa babban ɗan, da ya je daga baya, ba lallai ne ko an kawo shi da wuri ya tashi ba. Kowa ya kama wannan maganar ya riƙe gam, don ta fi sauƙin haɗiya. Ni dai ban karɓa ba. Mutumin nan ya ajiye mota don rana ɗaya tak, ranar ta zo, motar ta kasa fita layi. Abin yana ci mini rai har yau.

Bakaniken ya zo gaisuwa, ya zauna cikin mutane ya sunkuyar da kai. Ina raba ruwa na ji shi yana raɗa wa na kusa da shi cewa ai ba aikinsa ba ne, tudun ne ya yi tsawo. Mai gidan bene ma ya zo da ya dawo, ya ce ai ba tudun ba ne, yaran yanzu ne da lalata motoci. Suka gaisa da juna a bakin ƙofa hannu bibbiyu. Da ba don darajar mamacin ba, da na watsa musu ruwan da ke hannuna.

Auta kuwa ban yi masa faɗa ba, tunda an roƙe ni. Amma na daɗe ban iya amsa gaisuwarsa da fuska a sake ba. Yayyensa suka ce a sayar da motar, Yaya ta ce babu mai taɓa ta. Aka jawo ta da igiya aka ajiye a ƙofar gida, ƙura ta rufe ta, kyanwa ta mayar da ƙarƙashinta wurin barci.

Kwanakin baya na ga Auta ya kwanta a ƙarƙashinta shi kaɗai, ya sauya kaskon man, ya cire salansan nan ya mayar da tsohon. Ya ɗauko guntayen sifirin daga dakalin taga, ya juya su a hannu, ya mayar inda suke. Abin da aka yanke ba ya komawa, kuɗin sabo kuma babu. Ɗan abin da ya tara, taya ya saya da shi. Sai ya mirgino tayoyin sababbi, ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya tsaya yana goge hannu, ya juya wajen kujerar uban kamar zai ce wani abu. Yaya ta riga ta shigar da kujerar ciki.

Ya shiga motar ya tayar. Babu ƙara, da ƙyar na ji ta a kan ƙarar kekena. Na ɗage ƙafa daga feda na bi shi da ido har bakin layi, inda tabon baƙin man yake kwance a jikin siminti, ruwan sama bai wanke shi ba. Ya rage gudu, ya karkata motar, taya ɗaya ta hau, ɗayar ta biyo.

Ta wuce lafiya lau. Ko taɓawa ba ta yi ba.