Shafi Na Uku

Malamin lissafi yana da aibi guda, shi ma ya san da shi: ba ya sake karanta abin da ya rubuta. A ganinsa, mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana maimaita darasi ɗaya bai kamata takarda ta tuna masa komai ba. Ɗalibai kuwa a bayan idonsa Sai-Na-Ce suke kiransa, don ko fensir ba a ɗauka a ajinsa sai ya ba da izini. Ya san sunan, yana yi kamar bai sani ba, a ransa kuma yana ɗan jin daɗinsa.

Da furfura ta fara leƙowa ya koma jami'a yin digiri na biyu a fannin tsara darasi da fasahar koyarwa. A can ya tarar ashe duk shekarun nan ba koyarwa yake ba, surutu yake a gaban allo. Haka Dakta mai duba aikinsa ta gaya masa, cikin ladabi, don a haife ya kusa haifarta.

Aikin kammalawarsa darasin kwamfuta ne mai shafi goma sha biyu kan lissafin kaso cikin ɗari. Ya kwashe tsofaffin takardunsa na aji ya zuba a ciki, ya yi musu ado da launi da hotuna. Sharaɗin Dakta ɗaya ne: ɗalibansa talatin da takwas za su yi darasin su kaɗai a ɗakin kwamfuta na makarantarsu, shi ba zai shiga ba, ba zai yi musu maganarsa ba.

"Darasin da sai mai shi ya tsaya a kansa, Malam, ba darasi ba ne, kai ne," in ji ta.

Manhajar tana nuna masa inda kowane ɗalibi ya kai. Ranar Alhamis mai zuwa zai tsaya gaban kwamiti da sakamakon. In babu sakamako, sai baɗi.

Ga shi mako uku ke nan ana yi, jadawalin sakamakon bai sauya ba. Talatin da takwas sun buɗe shafi na ɗaya. Talatin da takwas sun wuce na biyu. A na uku duk suka tsaya cak, kamar an ja musu layi.

Ɗalibi ɗaya ya tsaya, rago ne. Goma su tsaya, darasi ne ya yi wuya. Amma talatin da takwas a wuri guda, har da yarinyar nan ta layin gaba da ke gama aiki kafin ya gama rubuta shi? Wannan shiri ne, kuma shiri yana da mai shi.

Ya fara da malamin kwamfuta, mai riƙe da makullin ɗakin. Ya tare shi a ofishin malamai yana dama shayi da gindin biro.

"Ya yarana suke a wajenka?"

"Kai, Yallaɓai, ban taɓa ganin aji mai natsuwa irin naka ba. Minti arba'in ko tari babu."

"Suna aiki ke nan?"

"Ni dai an ce kada in leƙa, kada in taimaka. Buɗewa nake, in rufe." Ya kurɓi shayi, ya yi murmushi.

Murmushin ne bai kwanta wa Malam ba. Mutumin nan sau biyu ya nemi shiga wannan karatun bai samu ba. Wa ya san abin da yake cire wa kwamfutocin in an tashi?

Daga nan zargi ya yi rassa. Shugaban makaranta ya tambaye shi, "Yaushe za mu fara ce maka Dakta ne?" Malam ya rubuta wannan a bayan rajista, ya ja layi biyu a ƙasa. Abokin karatunsa, wanda shi ma darasin lissafi yake tsarawa, ya turo masa saƙo, "Allah ya ba da sa'a." Sa'ar me? Wa ya gaya masa ana neman sa'a? Har ɗaliban ya fara yi wa kallon tuhuma. In ya shiga aji sai su zuba masa ido, kamar masu jiran ya faɗi wani abu. Ya gane wannan kallon sarai: kallon masu laifi ne.

Ranar Litinin ya kai ƙara ofishin Dakta, da jerin sunaye. Ta saurare shi har ƙarshe, ta tura takardar gefe.

"Ka taɓa zama ka ga mutum yana yin darasin nan?"

"Ni na rubuta shi, Dakta. A kaina yake."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba. Samu mutum ɗaya da bai taɓa ganinsa ba, ka zaunar da shi. Ya riƙa faɗin abin da ke ransa, kai ka riƙa rubutawa. Bakinka a rufe. Ko zai faɗa rami, kada ka ce uffan."

Da yamma ya ɗora kwamfutar a kan teburin ɗinkin matarsa, tsakanin almakashi da gwangwanin maɓallai.

"Wato yau ni ce ɗalibar," ta ce, tana gyara tabarau. "Kuma an ce ba za ka yi magana ba? Baban yara, wa ya ba da wannan dokar in je in gode masa?"

Ya nuna mata allon da biro.

"To, shafi na ɗaya. Hoton lemo. Lemon ya yi kyau. Na danna." Ta wuce na biyu, ta yi lissafin da ka, ta ce masu kawo mata ɗinki sun fi wannan wuyar sha'ani. Ta shiga na uku, ta karanta a hankali, leɓenta yana motsi. Sai ta cire hannu daga kwamfutar, ta naɗe hannuwa a ƙirji, ta dube shi.

Har da ita? Ya tuna ƙanwarta tana unguwa ɗaya da malamin kwamfuta. Ya rubuta: "Minti ɗaya, ta tsaya." Ya rubuta: "Minti huɗu, tana kallona." Fankar sama tana juyi. A minti na tara ta ɗauko wata riga ta fara farke ɗinkin hannunta. A na goma sha ɗaya ya ajiye biro da ƙarfi.

"Maman yara, don girman Allah, wa ya sa ki?"

"Wa ya sa ni me?"

"Tsayawa! Ga maɓallin ci gaba nan, kore shar, ko makaho ya gan shi!"

"Na gan shi mana. Kai nake jira."

"Ni? Jiran me?"

Ta juyo masa da kwamfutar, ta ɗora kan almakashi a ƙasan shafin. Layi ne guda, da manyan baƙaƙe, ya biyo tsofaffin takardunsa ya shigo ba tare da ya lura ba: KADA KOWA YA WUCE NAN SAI NA CE.

Malam ya karanta sau biyu, abin da bai saba yi ba. Saura kwana uku ya tsaya gaban kwamiti.

A shekara ashirin da biyu, wannan ne karo na farko da aji guda ya bi umarninsa ba tare da ko mutum ɗaya ya saɓa ba.