Sabon Fenti a Motar Kamilu

Shekara bakwai motar Kamilu tana fake a gindin dalbejiya, a bayan gidansu a Gaya, shekara bakwai ke nan kuma da rasuwarsa. Ƙaramar Mazda ce mai ƙofa a baya, mai injin turbo, tayoyinta huɗu duk suna ja. Da damina, in manyan motoci sun kafe a hanyar Kademi, ita ratsa taɓon take ta wuce, Kamilu yana ɗaga wa direbobi hannu don tsokana.

Yanzu an raba gado, filin ya faɗa rabon ƙanensa, har ya sauke bulo. Ya ce wa Barira, matar marigayin, zuwa Juma'a a ɗauke motar, in ba haka ba 'yan gwangwan su zo su sassare ta.

Sai ga labarin wani Alhaji Abdulmuttalib daga Kano, mai tara tsofaffin motoci irin wannan, yana ajiye su a rumfa ana goge su kullum. Guda ɗaya yake nema, akwai kuma wata Nisan a Ajingi da zai duba. Barira ba cinikin ne ya dame ta ba. So take motar ta rayu.

To, ita kuwa Barira, Allah ya kiyaye baƙo ya tarar da kayanta kaca-kaca. Ta kira mai fenti, ya kankare koɗaɗɗen jan fentinta, ya fesa sabo. Mai kujeru ya yage tsohon yadin, ya sa leda mai sheƙi. Har sitiyarin da tafin hannun Kamilu ya cinye sai da aka canja.

Ranar Laraba Alhaji ya iso. Ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya shafa ledar.

"Hajiya, yaushe aka yi wannan aikin?"

"Shekaranjiya aka gama, Alhaji. Kunya nake ji ka gan ta da tsatsa."

"Kayya. Ta Ajingi kaji ke ƙwai a cikinta, injin taki ma ya fi lafiya. Amma ita ba wanda ya taɓa ta, fentinta da kujerunta duk na asali ne, mu kuma shi muke nema. Da kin bar ta yadda mai ita ya bar ta, wallahi yau zan tafi da ita."

Ya yi mata ta'aziyya, ya kama hanyar Ajingi.

Washegari Barira ta je wajen mai kujeru neman tsohon yadin da sitiyarin. Ya ce yadin ya ƙona shi da shara, sitiyarin kuma ya bi tarkace.

Ranar Juma'a 'yan gwangwan suka zo da gudumominsu. Ta tsaya a ƙofar gida tana jiran kuka, domin ta san zai zo. Ta duba, ta sake dubawa. Wata jar mota mai sheƙi suke sara. Ta Kamilu kam, ita da kanta ta riga su sassare ta.