Ranar da Mitsuyo Ta Kayar da Malaminta

A gidan Malam Genzo Kuroiwa, can bayan gonakin shinkafar Tsuyama a ƙasar Japan, babba ake kayarwa. Haka aka gada. In za a koya wa ɗalibi wani kamu na kokawar kare kai ta jujutsu, wanda ya fi shi sani ne zai kawo masa hari, shi ne kuma zai sha ƙasa, domin jikin da ya san kamun ne ke gaya wa hannun ɗalibi ko ya yi daidai. Kamu na ƙarshe kuwa, wanda daga shi sai a miƙa wa mutum takardar gadon gidan, ba a yin sa da kowa sai da malam da kansa.

To, malam ya daɗe da ba saba'in baya, kuma ranar Litinin za a yi masa tiyata a ƙugu. Likita ya riga ya yanke magana: bayan aikin, shi da faɗuwa sun yi hannun riga. Yau Asabar. In Mitsuyo ba ta karɓi kamun nan yau ba, ya tafi ke nan, don a ɗalibai ukun da suka rage ita kaɗai ta kai.

Shekara goma sha tara ke nan da ta fara zuwa, bayan wani mashayi ya murɗe mata hannu a tashar jirgin ƙasa, ko ihu ta kasa yi. Yanzu ƙato bai isa ya ba ta tsoro ba. Tsoho ne ke ba ta tsoro. A gidan kula da tsofaffi take aiki, ta kuma ga mutum nawa suka zame a banɗaki ba su ƙara takawa ba.

Da hantsi suka rusuna wa juna a kan tabarma. Malam ya zaro wuƙar katako ya nufo cikinta. Ta kauce, ta cafke wuyan hannunsa, ta shige ƙarƙashinsa, ta ɗaga. Duk daidai. Sai da aka zo wurin saki, hannunta ya ƙi. Ta riƙe masa wuyan riga, ta sauke shi a hankali kamar ƙwai.

"A'a! Saura filo!" in ji Toranosuke mai awara, wanda ya shekara arba'in a gidan, bakinsa ya fi hannunsa ci gaba. Shi aka zaunar a gefe ya zama shaida. "Mitsuyo, ki ɗan yi masa waƙar barci mana."

"Rufe mana baki, uban 'yan surutu," in ji malam. "Ke kuma, sake."

Ta sake, haka. Ta kuma sakewa, ba ta canza zani ba. A karo na uku malam bai miƙe ba, sai ya zauna ya ajiye wuƙar a gabansa.

"Ke yarinya, raina ni kika yi?"

"Wace ni, Malam."

"To me ya riƙe miki hannu?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ina jin ƙashinka a tafina, ba nauyi ko kaɗan. Na san irinsa. In na karya ka fa? Da wane ido zan kalli Mama, matarka? Na haƙura da takardar, a bar ta."

"Takardar me? Asu ma ya cinye rabinta." Ya shafa gwiwarsa. Da ya sake magana, faɗan ya fita daga muryar. "Kin san yadda nake a gida yanzu? In zan sa takalmi, 'yata ta tallafe ni. In na shiga wanka, matata na bakin ƙofa tana cewa, 'Kana nan?' Ina zan je? Ido ya ragu, hannu na rawa, na yarda. Amma shekara sittin da biyar ina faɗuwa a kan tabarmar nan, har yau babu wanda ya fi ni iya ta a duk lardin nan. Ita kaɗai ta rage mini, jibi kuma a karɓe. Ke ma sai ki hana ni?"

Kunya ta kama Mitsuyo, ga kuma son dattijon nan. Ita a tsammaninta tausayi take yi masa. Ta share idonta da hannun riga, ta ƙara ɗaure ɗamararta.

"Tashi, Malam. Ka kawo da gaske."

"Au, yau ni ake ba umarni?"

Ya kawo da gaske kuwa, har sai da ta ji iskar wuƙar a haƙarƙarinta. Ta cafke, ta shige, ta ɗaga, ta saki.

Ƙafafunsa suka wuce ta saman kanta. Ta gan shi a iska, haɓa a ƙirji, baya a lanƙwashe, jiki a sake kamar na mai barci. Tafinsa ya riga ƙugunsa isa ƙasa, ya daki tabarma fam! har ƙofofin takarda suka kaɗa.

Toranosuke ya dafe kai.

Mitsuyo ta zube a gefensa. "Malam! Ƙugun?"

"Yana nan, bai je ko'ina ba." Idonsa na kan rufin ɗaki, hawaye na gangarawa cikin kunnensa, yana murmushi. "Kin ji ƙarar kuwa? Toranosuke, ka ji?"

"Har kasuwa an ji," in ji Toranosuke, yana jan hanci.

Ta miƙa hannu za ta tayar da shi. Ya kama hannun, amma bai ja ba, sai ya ɗora shi a ƙirjinsa, inda zuciya ke bugawa da sauri kamar ta yaro.

"Dakata tukuna, 'yata. Ku bar ni in ɗan kwanta. Ita ce ta ƙarshe, ina so in gama jin ta."