Goron Gayyata

Kailani tela yana jera kujerun roba da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da waya, yana shaida wa duniya cewa yau Tudun Wada za ta ga sunan da ba ta taɓa gani ba. Gari bai gama wayewa ba. Sabuwar shaddarsa sai ƙara take yi, hula ta karkace, baki har kunne. Ya juya wayar ya nuna rumfuna uku da ya sa aka kafa, ya nuna rago a ɗaure, sannan ya dawo da ita kan fuskarsa ya taka 'yar rawa.

Kwana bakwai ke nan da matarsa Jannatu ta haifa masa ɗa namiji, na fari. Mutanen da, in ɗan fari ne, uban har sunkuyar da kai yake yi don kunya. Ban da Kailani. Shi tun daga ƙofar asibiti ya fara ɗaukar bidiyo. Da ma shekara biyu ke nan yana barkwanci a waya, daga kan keken ɗinkinsa yana kwaikwayon masu kawo ɗinki ana gobe Sallah, har ya tara mabiya dubu tamanin da bakwai. Yakan faɗi adadin nan ko ba a tambaye shi ba.

Da ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Ishatu, ta ce masa ya sayi goro da alewa ya bi gida-gida ya gaya wa mutane ranar suna, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce zamani ya wuce nan. Da ɗan yatsa ɗaya ya gayyaci mutum dubu tamanin da bakwai, ya rubuta musu cewa kowa da kowa ya zo. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ne suka amsa, lungun ba zai ɗauke su ba. Gwaggo ta dube shi ta ce to, Allah ya kai mu.

Allah kuwa ya kai su. Ƙarfe shida ta yi, saƙonni na ta zubowa a waya. Allah ya raya daga Legas, Allah ya raya daga Maraɗi, wata har daga Jidda ta ce yaron kamarsu ɗaya. Kailani yana karantawa yana tsalle kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Sai da ya ɗaga kai ya lura cewa mutum biyu ne kacal a ƙarƙashin rumfa, baƙi daga Dutsen Abba, cikin mabiyansa na waya. Sun nemi ya yi hoto da su, an yi, yanzu kuma suna tambayar ko an sauke waina.

Masallacin unguwa ya tashi daga karatun safe. Kailani ya gyara tsayuwa ganin mutane sun nufo lungun. Suka zo, suka yi masa ina kwana, suka yaba kyan rumfa, kowa ya shige gidansa. Limamin ma ya wuce da carbinsa. Da Kailani ya bi shi yana in-ina, malamin ya ce sun dai ji ƙishin-ƙishin an yi haihuwa, amma ba a gaya musu ba, shi kuwa da furfurarsa ba ya gayyar soɗi.

Nan ido ya raina fata. Ƙarfe bakwai surukinsa zai iso daga Hanwa da tawagarsa, mutumin da tun farko bai so ya ba ɗan wasan waya 'yarsa ba. Zai tarar da kujeru ɗari uku wayam, ba liman, ba maƙwabci ko ɗaya da zai ce amin a kan jikansa. Abin da za a riƙa tuna wa yaron ke nan har ya girma, Jannatu kuma ta rasa inda za ta sa fuskarta a cikin danginta. Tsoro ya kama Kailani sosai.

Ya faɗa cikin gida a guje, ya yi karo da Gwaggo a zaure. Tana tsaye da faranti babba, goro ƙwarya biyu an yayyafa masa ruwa, ga alewa a gefe. Ashe tun shekaranjiya ta aika kasuwa aka sayo.

“Ungo,” ta ce. “Zumunci a ƙafa yake. Naka a yatsa ka ajiye shi, sai ka gwada ƙafar mu gani ko tana aiki.”

Wanda bai ga Kailani a safiyar nan ba ya yi asarar kallo. Ya tattare babbar riga a kafaɗa, faranti a ka, takalmi ɗaya ya tsinke ya bar shi a bakin kwata. Ya fara da liman, ya durƙusa har ƙasa. Daga nan gidan mai unguwa, gidan wanzami, gidan mai shayi. Ko'ina sai an ja masa rai kafin a karɓa. Wani ya tambaye shi daga wace unguwa yake, don fuskar ta yi masa kama da ta wani yaro da suka sani da. Wata tsohuwa ta ce sai ya yi mata kwaikwayon nan na masu ɗinkin Sallah tukuna, ya kuwa yi, a tsakar gida, yana haki. Tun yana jin kunya har abin ya fara ba shi dariya shi ma, ya riƙa kwaɗa sallama da waƙa. Kafin ya kai ƙarshen layi mutane sun fara fitowa suna saɓa riguna, suna tauna goro, suna yi masa tsiya.

Malam Kato, maƙwabcinsu Kirista da ya yi ritaya daga aikin asibiti, ya tarbe shi a ƙofa da hularsa a hannu. Shekara talatin ba a yi suna ko jana'iza a lungun nan babu shi ba.

“Ai ina cikin mabiyanka,” in ji shi. “Na ga sanarwar, har na danna maka alamar so. Sai dai na karanta kowa da kowa sau uku, ban ga sunana a ciki ba.”

Ya zaɓi farin goro, sannan ya tambaya ko an je wa Baba Ɗantsoho. Kailani ya dafe kai. Baba Ɗantsoho aminin marigayi mahaifinsa ne, tare suka yi shekara arba'in suna sayar da yadi a kasuwa, kuma sunan mahaifin nasa, Zulkiflu, za a sa wa jaririn. Gidansa na huɗu ne daga nasu. Kailani ya kwasa da gudu yana shirya barkwancin da zai wanke kansa da shi.

Ƙofar gidan a buɗe take. Matar tsohon ta amsa sallama, ta nuna masa ɗaki. Baba Ɗantsoho yana zaune a bakin gado cikin farar babbar riga, an naɗa masa rawani, ɗakin na ƙamshin turare. An sa masa takalma a ƙafa. Hannunsa na hagu yana kwance a cinya, bakinsa ya ɗan karkace gefe guda.

“Ka iso,” ya ce, maganar tana fita da ƙyar. “Na gaya mata ɗan Zulkiflu ba zai manta da ni ba.”

Barkwancin da Kailani ya shirya ya bi iska. Matar ta ce wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, Malam Kato ne ke zuwa kullum yana duba shi. Tun ranar da ya ji guɗar haihuwa ya hana a rufe ƙofa, wai kada mai kawo goro ya zo ya koma. Yau kuwa tun kafin kiran salla ya sa ta yi masa wanka ta shirya shi.

Kailani ya durƙusa ya miƙa farantin. Goro uku ne suka rage. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, hawaye ya zubo masa. Tsohon ya ɗauki ɗaya da hannunsa mai lafiya, ya jefa a aljihu.

Daga waje ana jin hayaniyar mutane da ƙarar motoci, alamar surukai sun iso. Kailani ya ajiye farantin, ya juya baya ya tsuguna, matar ta taimaka aka ɗora masa tsohon. Bai kai nauyin da ya zata ba. Da suka fito lungu ya fara sauri, sai ya ji bakin tsohon a kusa da kunnensa.

“Tafi a hankali, ɗana. Na daɗe ban ga unguwa ba.”