Tsumma a Takalmin Hagu

Abdul-Majeed bai yi sallama ba da ya faɗa shagon gwanjo na Baba Sala a unguwar Maamobi. Yana riƙe da allon zamiyar ruwa, irin wanda kwalekwale mai inji ke ja, da takalma biyu ɗaure a kansa. Ƙanwarsa Sherifa na binsa a guje.

Jiya a kogin garin Ada ɗan'uwansu Husseini ya faɗi daga allon nan. Ƙafa ɗaya ta fice daga takalmi, ɗayar ta maƙale, allon ya murɗe ta har ƙashi ya karye.

"Kai ka sayar wa yarinya takalman da ba su dace ba?" Abdul-Majeed ya maka wa dattijon gefen allon a kafaɗa, ya ƙara masa a baki. Jini ya wanke farar rigar Baba.

"Chale, abokina, za ka kashe shi!" wani ya yi ihu, amma ba wanda ya matso.

Sherifa ce ta sayi takalman. Ai Baba ya gaya mata na hagu ya yi girma, ta jira a buɗe wata dilar gwanjo. Ita ta nace, ta cusa tsumma a ciki kamar yadda Mma, mahaifiyarsu, ke yi wa takalmansu na makaranta.

Abdul-Majeed ya sake ɗaga allon. Ta faɗa kan dattijon, dukan ya sauka a bayanta.

"Yaya, duba na hagu," ta ce da ƙyar.

Ya zura hannu, ya zaro guntun tsohon mayafinta, har yanzu a jiƙe.