Hoton Marka da Ƙwaron Mushe

Shekarar da Sanda ya shiga soja aka tura shi kudu, wasiƙa ɗaya tak ya aiko wa uwarsa Marka a ƙauyenmu na bayan Tsiga. Abu guda ya roƙa a ciki, wai ta aiko masa da hotonta. Shi dai Sanda da ma bai san wuya ba. Mai hoto sai Funtuwa, ga Marka gwiwoyi sun ƙi, ko kasuwar Bakori ta daina ci. Wata uku wasiƙar na cikin ƙwarya tana ci mata rai.

Ana nan sai ga wani Malam Mati a kan keke, malamin gona ne daga Zariya, da kyamara rataye a wuya. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Don Allah akwai mushe a garin nan?"

Dattawa suka dubi juna. Wannan wace irin sallama ce? Ya yi ta bayani, wai wani ƙwaro yake nema ya ɗauki hotonsa, mai baƙi da ratsin ja, wanda ba ya sauka sai kan mushe. Wai Turawa sun ce sai a dajin kan duwatsu inda gajimare ke kwana ake samunsa, shi kuwa ya rantse akwai shi a ƙasar auduga. Ilimin boko dai ba abin da ba ya sa mutum.

Akuyar Marka ta kwana biyu da mutuwa a bayan danga. Da labari ya kai mata, tsohuwar da ba ta iya zuwa rijiya sai ga ta a ƙofar gida.

"Malam, ina da mushe. Amma da ni za a ɗauka?"

"Da ke mana, Inna! In ba ke ba, wa zai riƙe mini?"

Shi ƙyamar taɓa mushe yake yi, mai ɗaga masa ƙafar akuya yake nema. Ita kuwa ta ji abin da take so ta ji. Ta shige ɗaki, ta ɗaura saƙinta na biki, ta zizara kwalli, ta aro ɗankwalin maƙwabciya. Malam Mati na rana yana toshe hanci.

Ta zauna gefen akuya, ta ɗaga ƙafar, ta miƙe wuya, ta ɗaure fuska yadda ta ji ana yi. Wari kamar ya kashe mutum, ƙuda har cikin ido, ba ta ƙifta ba. Malam ya kwanta rub da ciki, ya kai kyamara dab da cikin akuya.

"Kada ki motsa, Inna!"

"Mi zai motsa ni?"

Bayan sati uku ya dawo yana washe baki, ya miƙa mata hoto. Ƙwaro ne ƙato, ya cika takarda, har gashin ƙafarsa ana gani. A can gefe ga yatsu huɗu riƙe da kofato.

"Ina nike?" in ji Marka.

Sai a lokacin ya gane. Ya tambaya, aka ba shi labarin Sanda. Kunya ta kama shi, don fim ɗin kyamararsa ya ƙare, kuma gobe zai koma Zariya. Matan da suka taru suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kaina na dara, sai da na dubi fuskarta tausayi ya kama ni.

Ta daɗe tana juya hoton. Can ta miƙa masa.

"Rubuta mashi, ka ce ƙwaron ba ni ba ce. Ya duba gefe. Hannun da ya yi shekara ashirin yana tuƙa mashi tuwo ne. In ya gane shi, ya dawo gida ya ga sauran."